Ranar da Tanki ya Fashe a Kwarin Ɗinya

Warin ne ya riga labari isowa. Muna fitowa daga sallar asuba ranar Laraba a Kwarin Ɗinya, tsakanin Kura da Bunkure, sai hancin kowa ya cika da warin dizal. Kafin gari ya gama wayewa an sani: babban tankin mai na kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari ya fashe, man ya gangara ya shiga kanal.

Na je bakin kanal ɗin na gani da idona. Ruwan da muke noman rani da shi ya yi baƙi yana sheƙi, kifaye sun juya ciki sama. Waɗanda suka yi sammakon buɗe ruwa, man ya riga ya cika musu fangalin gonakinsu. Irin shinkafar da ake shirin dasawa ya kwanta, tumatir da albasa kuwa kada ma a yi magana. Na ga wani dattijo ya durƙusa a gonarsa yana kwashe man da ƙwarya yana watsawa gefe, babu wanda ya iya ce masa ya bari.

Sunana Muhammadu Sani, amma Sani Mai Sawu ake ce mini. Na fi shekara talatin ina bin sawun ɓarayin shanu da na injinan ban ruwa. Ba ni da haƙuri, na sani, matata Barira ta gaji da faɗa mini. Ranar kuwa raina a ɓace yake tun kafin Dagaci Ibrahimu ya aiko kirana.

Na tarar da ƙofar gidansa cike da samari, kowa da sanda, kuma har sun gama shari'a sun samo mai laifi. Wai Hamma ne. Hamma Bafulatani ne, rugarsa na can ƙasan kanal, shekararsa arba'in a wurin. Yana noman masara kamar kowa, 'ya'yansa da namu makaranta ɗaya suka yi. Amma da aka gina kamfanin, shingensa ya datse burtalin da shanunsa ke bi zuwa ruwa, kuma bara a kasuwar Bunkure ya ce a gaban jama'a wata rana sai ya ga bayan kamfanin nan. Maganar da kowa ya manta, yau kowa ya tuna ta.

'Yan sanda sun zo daga Kura sun ɗauki hoto sun ce za su dawo. Dagaci ya yi ta lallashin samarin har suka yarda su jira. Sannan ya ja ni cikin zaure.

"Malam Sani, wa'adin da suka ba ni gobe da la'asar ke nan. Bayan haka ba ni da bakin da zan tare su. Wuta za su sa wa rugar."

* * *

Tankin yana can bayan injinan casa, inda ba kowa ke leƙawa ba. Ƙato ne, ya kai tsayin bene, kuma a jajiberin ranar motar tanka ta cika shi fal. An zagaye shi da katangar siminti da ta kai ƙirjin mutum, cikinta an dabe shi sumul, fili mai faɗi. Ƙarfen ya yage daga gindi ta ɓangaren arewa, tsagar ta kai taku huɗu. Katangar kuma an fasa ta ta gefen da ke kallon kanal, giɓin da mutum biyu za su shige kafaɗa da kafaɗa. Ta nan man ya fita. An zuba yashi tuli a bakin giɓin, wai don a tsayar da ragowar.

Manajan kamfanin, Taufiq, matashi ne ɗan birni, mai kamfanin ma a birni yake zaune. Tun da na shigo bakinsa bai huta ba. Wai an zo kafin asuba an fasa katanga da guduma, an sari tankin da gatari, ga ɓaraguzai sabbi ful, ga kuma shaida. Ya nuna mini kashin shanu tuli uku a cikin katangar. Maigadi Usaini ya ce shi masallaci ya tafi, ya dawo ya tarar da ɓarna. Duk tsawon maganarsa takalmina yake kallo.

Na tsuguna na sa tsinke na buɗe kashin. Haba, wa za a yi wa wannan? Dabbar da ta yi shi dusa take ci, a turke take, ba ta san ciyawar daji ba. Da kashin yana wurin lokacin da man ya ɓalle, da ya tafi da shi har kanal, amma ga shi zaune daram a kan man, gefensa har da shatar shebur. Kuma wane mahaukaci ne zai je ɓarna da garke a bayansa? Na miƙe na yar da tsinken. Da zan fita na hango wani ƙosasshen sa ɗaure a bayan ɗakin maigadi, kansa cikin daron dusa.

Na san an ajiye kashin ne don a shafa wa Hamma. Amma wannan bai gaya mini wanda ya fasa katanga ba, kuma samarin da gonarsu ta mutu ba za a tsayar da su da kashin sa ba.

* * *

A rugar na tarar da shanu huɗu a kwance sun mutu, wasu na tari suna dalalar da yawu. Sun sha ruwan kafin a ankara. Hamma na zaune kusa da wata farar saniya, hannunsa a kan wuyanta, ko tashi bai yi ba da ya gan ni.

Na tambaye shi maganar kasuwar Bunkure. Bai musa ba.

"Na faɗa, Malam Sani, raina ne ya ɓaci. To amma ni zan zuba wa shanuna guba? Wannan uwarta ce ta shayar da 'ya'yana."

Na zagaya rugar sau biyu, na bi kowace hanya da ta fita daga cikinta. Sawun da ya nufi kamfani babu, sabo ko na jiya. Da na dawo ya tambaye ni ko ya kwashe iyalinsa ya yi gaba kafin goben. Na ce kada ya kuskura, in ya motsa za a ce gudu ya yi. Na ce ya zauna, ni na ɗauki alkawari rugarsa ba za ta ci wuta ba. Wallahi lokacin da na faɗa ban san da me zan cika shi ba.

* * *

Akwai wani suna da ake ta raɗawa, Bilya mai walda, wanda kamfanin ya kora bara. Na hau babur na same shi a shagonsa a Bunkure. Kwana goma ya yi a Dawakin Kudu yana haɗa ƙofofin wata makaranta, a ranar ma ya dawo, mutum uku suka shaida. Shi kam ya fita daga zargi.

Da na ce masa an ce gatari aka sa, sai ya yi dariya ba ta jin daɗi ba. Ya ce gatari ba ya yaga wannan ƙarfe, tsatsa ce ta cinye shi. Ya ce tun bara ya ƙwanƙwasa gindin tankin ta arewa ya ji ya zama holoƙo, ya ce a kwashe man a sake farantin, aka ce ya cika surutu aka sallame shi. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa sani ba, ni da nake zaton katangar don ɓarayi aka yi ta.

"Baba, aunata aka yi ta riƙe duk man da ke cikin tankin, har da ƙari. Da a rufe take, ko cokali ɗaya ba zai kai kanal ba. Tanka kawai za a kawo a zuƙe."

Na ce to, a ƙasar da take wata bakwai ba ruwan sama, me zai jiƙa ƙarfe ta gefe ɗaya har ya ruɓe? Kuma in tankin da kansa ya fashe, wa ya fasa katanga, yaushe? Sai ya jawo baƙin tabarau ya rufe idonsa ya ce wannan ba a bakinsa za a ji ba. Na zage shi tas, ya ci gaba da waldarsa.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi na koma wajen tankin ni kaɗai. Ban shiga ba, sai na bi bayan katangar ta arewa, inda man bai taɓa ba, ina duba ƙasa. Sawun mutane ya riga ya lalace, an tattake ko'ina. Abin da ba a tattake ba shi ne hanyar tururuwa.

Hanya ce tsohuwa, ta yi kwari a ƙasa, faɗin yatsu biyu. Ta sauko daga kan katangar daidai inda tankin ya yage, ta miƙe zuwa gindin wata aduwa. Na tsaya ina kallonta. Tururuwa ba ta shan dizal, hatsi take bi. Me take ɗauka a gindin tankin mai har ta yi hanya irin wannan?

Na bi ta har gidanta. Bakin ramin ɓuntun shinkafa ne tuli guda, na sama sabo, na ƙasa ya yi baƙi don daɗewa. Na ɗebo na murza. Ɓuntun ja ne, irin na shinkafar da aka turara, wadda matanmu ke yin gumi da ita. Nan take na juya na koma wajen tankin.

Na tsallaka katangar na sa wuƙa na kankare tsatsar da ke bakin tsagar. Ɓawo-ɓawo take fitowa, kowane ɓawo da ƙwayar shinkafa manne a ciki. Ashe nan ake shanya. Turararriyar shinkafa da zafinta da ruwanta ake bazawa a daben nan, da yamma a tattara ta a jingina da jikin tankin a rufe da tamfol, ta kwana tana gumi a kan ƙarfe. Ba wata ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba.

Na je bakin giɓin na ture yashin da ƙafa da hannu. A ƙarƙashinsa gangare ne na siminti, an shafe shi da kyau don baro ya hau. Giɓin tsoho ne, jiya ne kawai aka farfasa gefensa da guduma don ya zama kamar sabo. A cikin simintin kuma akwai sawun tayar baro da ta wuce tun bai bushe ba, da layi uku a gicciye.

Na zauna a ƙasa, a cikin man. Layi ukun nan waya ce da aka naɗa wa taya da ta tsage. Ni na naɗa ta da hannuna. Baron gidana ne.

* * *

Barira na tsakar gida gaban rabin gangar da take turara shinkafa, amma ba wuta a ƙarƙashinta. Ita ce shugabar mata masu gumin shinkafa a garinmu. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa tambayarta inda take shanya ba, abin kunya. Ni dai na ga tuwo na ci.

Na zube mata ɓuntun a kan tabarma. Ta dube shi ta dube ni, ba ta yi gardama ba. Ta ce da a bakin kwalta suke shanya, kan titin Zariya, har ranar da bas ta kwashe ɗaya daga cikinsu, Rauda, tana juya shinkafa, ta bar 'ya'ya biyar. Bayan sadakar arba'in ɗin Rauda, ita Barira ta je ta roƙi Taufiq daben nan. Ya yarda, don su riƙa kawo masa casa maimakon su kai Kura. Tsohuwa ba ta iya tsallake katanga da buhu a ka, shi ne ya sa aka fasa musu hanya. Shekara uku ke nan, kuma kusan kowane gida a garin nan da shinkafarsa a wurin.

"Malam, wallahi mun ɗauka katangar awaki ce. Babu wanda ya ce mana ta riƙe mai ce."

Na tambaye ta tun jiya ta san haka ta yi shiru ana shirin ƙona mutum. Ta fashe da kuka. Ta ce Taufiq ya aiko Usaini gida-gida, wai duk wadda ta buɗe baki ita za a kama, a ce ita ta kashe gonakin gari. Ta riƙe bakin rigata ta ce in rufa mata asiri, in faɗi na kashin shanu kawai in bar sauran.

Na so in yarda, Allah ya sani na so. Amma in na ce giɓin sabo ne, dole akwai wanda ya fasa shi jiya, kuma garin nan ya riga ya zaɓi wanda zai zama. Na zare rigata daga hannunta na ɗauki baron.

* * *

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Dagaci. Taufiq da Usaini na gefe guda, Bilya ya zo, ga 'yan sanda biyu. Hamma bai zo ba, Dagaci ya hana don kada a taɓa shi. Samarin na tsaye a baya, na ga har da mai jarka.

Na fara da kashin. Na ce a je a dubo abin da ƙosasshen san nan na Usaini ke ci a gwada. Usaini bai jira an je ba, ya ce manaja ne ya ba shi shebur ya ce ya zuba, shi ya ba shi guduma kuma. Taufiq ya miƙe yana cewa sharri ne, ɗan sanda ya ce ya zauna.

Wani saurayi ya ce to an ji, amma wa ya fasa tankin? Sai na juye ɓuntu da ɓawon tsatsa a gaban Dagaci, na faɗi yadda aka yi tun daga hanyar tururuwa har gangaren siminti. Bilya ya ƙara bayanin katangar. Na ga manyan mutane suna sunkuyar da kai, waɗanda suka sha tura wa iyayensu mata baro zuwa wurin, suka kuma yi shiru tun jiya. Takaici ya kama ni.

Dagaci ya tambaya a hankali wa ya fara kai shanya can. Na juya baron na nuna tayar.

"Ranka ya daɗe, wannan ne ya fara shiga, sawunsa na nan a siminti. Nawa ne. Matata Barira ce ta roƙi wurin. Na biyu da na uku kuma, kowa a nan ya tambayi gidansa."

Babu wanda ya ɗaga ido. Mai jarkar nan na ga ya ajiye ta a bayan ƙafarsa. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka zame, ba wanda ya ce a yafe, ba wanda ya ambaci Hamma. 'Yan sanda suka sa Taufiq da Usaini a mota, suka ce Barira ma sai ta je Kura ta ba da bayani. Ta fito da mayafinta ta wuce ta gabana ta shiga motar, ba ta dube ni ba. Mata na leƙe ta kan katanga suna kallo.

* * *

Ban bi motar ba tukuna. Na ce bari in fara kai wa Hamma labari, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Na tarar an kwance bukkoki. An ɗora tabarmi da ƙore a kan jakuna, matan sun goya yara, ragowar shanun na tsaye a hanya. Na ce masa ya sauke kaya, an gama, gaskiya ta fito, babu mai taɓa shi. Na gaya masa har abin da na yi wa gidana don wannan.

Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai sake ba. Ya ce ya gode, Allah ya saka, Allah ya fito da Barira lafiya. Sannan ya ja ni bayan garke ya nuna mini ƙasa. Sawun takalma ne, mutum shida, sun zo da azahar sun zagaya bukkokin suna duba ta inda iska ke kaɗawa. Ga zoben gindin jarka inda aka dire ta.

"Kai ne mai sawu, Malam Sani, amma waɗannan ko ni na gane su. Biyu a cikinsu matata ce ta ba su nono da uwarsu ba ta da lafiya. Yau ka hana su. Gobe in wani abu ya sake fashewa fa?"

Na sunkuya na duba. Ni ma na gane sawun, har na ɗan ƙanena a ciki.

Ya ce masarar da ya shuka in ta nuna in cire in kai wa 'ya'yan Rauda. Ya ɗaga sandarsa ya kira shanun, suka bi hanyar Garun Malam. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na juya na fita titi neman motar Kura.